Ranar Yaɓen Tsohon Masallaci

Daren Alhamis, watan Rajab, Tambuwal

Yau muka dawo daga ƙasar Kebbe, ni da Malam Sambo, abokin karatuna, kuma barci ya ƙaurace mini.

Na tafi da ƙasidar da na tsara wa masallacin wani tsohon gari da ke bayan kurmi, ina fatan ta zauna a bakin mutanensa bayan ƙasa ta rufe ni. Muka tarar ranar yaɓe ce, kowa yana cikin laka har gwiwa. Na tsaya a inuwar ganuwa cikin farar rigata ina rerawa, ba wanda ya ɗaga kai.

Sambo kuwa ya tuɓe riga ya faɗa kwaɓi, ya jefa wani gurgun baiti daidai da takun ƙafafu. Nan take gari ya amshe. Limamin garin ya kama tafin hannun Sambo ya danna a ɗanyen bangon masallaci, karramawar da suke yi wa baƙon da ya taka laka.

"Malam, mi kaka jira?" in ji Sambo yana dariya. "Riga ai wankuwa taka yi!"

Ban shiga ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, muna tsakiyar kurmi a hanyar komowa, sai na ji gurgun baitin nan yana fita daga bakina.