Baƙuwar Shafina

Soundview, Bronx
9 ga Maris

Zuwa ga ƙawata Rukaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da su Inna da kowa na gida. Yaya karatu? Mu ma lafiya lau, sai sanyi da ya ƙi tafiya.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Baba. Ina jin kamar Umma ba ta kewata. Shekara biyu ke nan da muka taho ni da Baba, ita da ƙannena suna Zariya suna jiran takardu. In mun kira waya takan yi hira da Baba ta daɗe, in an miƙo mini sai ta tambaya ko ina sallah, ko ina cin abinci, ta miƙa wa ƙanena Faruƙ. Na san ni 'yar fari ce, na san kunya ce, ko sunana ba ta taɓa faɗa ba tun da aka haife ni. A gida ban damu ba, don ina ganinta. A nan muryar kaɗai nake da ita, ita ma minti ɗaya.

Baba yana asibiti wurin aiki har magariba. In na taso makaranta sai in wuce laburare, a can nake rubuta shafin nan nawa na intanet da kike karantawa. Kin tuna na buɗe shi ne ranar da na nemi sunan ludayi da Hausa a kaina na rasa. Na tura adireshinsa a gurup ɗin gidanmu da kike ciki, ba wanda ya tanka sai ke.

Mako mai zuwa zan yi rubutu na ɗari. Masu karantawa bakwai ne. Uku ne ke yin sharhi: ke, da wata malamar makaranta a Yamai, da wata da ta sa wa kanta suna Baƙuwa, wadda ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Na gode miki, Rukaya, har da ranar da kika yi mini dariya don na rubuta baki a maimakon baƙi.

Efua, 'yar Gana da muke aji ɗaya, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ta ce in na koma rubutu da Turanci 'yan ajinmu za su riƙa karantawa, wataƙila har su fara yi mini magana. Ina ganin daga na ɗari zan koma. Na gaji da cin abincin rana ni kaɗai.

Ki gaida Inna. Taki,
Mariya

Soundview, Bronx
24 ga Maris

Ƙawata Rukaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata jarrabawa ta zo da sauƙi, kuma zazzaɓin Inna ya sauka.

Na yi na ɗarin. Kin gani, na gode wa kowa ɗaya bayan ɗaya, na kuma ba da labarin askirim ɗin da na saya wa kaina na sha a bakin tasha don murna. Ke kin rubuta barka Mariya. Malamar Yamai ma ta kira sunana. Baƙuwa kuwa ta ce Allah ya yi wa mai shafin albarka, amma a rage shan sanyi saboda ƙirjin nan.

Rukaya, ban taɓa rubuta maganar ciwon asmata a shafin ba. Ko sau ɗaya.

Na koma tun daga na farko na bi sharhinta duka. Sunana yana nan ɓaro-ɓaro a saman shafin, amma a cikin ɗarin nan ba inda ta rubuta shi. Kullum mai shafin, mai shafin. Ranar da na yi rubutu kan dambu ita ce ta ce ba haka ake yi a gidanku ba. Ranar da na ce ba ni da ƙawa a nan, ta ce akwai masu tunawa da mai shafin kowace safiya. A lokacin na ɗauka kirki ne kawai irin na mutanen intanet.

Sai da mai kula da laburaren ta kawo mini tishu.

Ranar Asabar mun kira gida. Umma ta tambaya ko ina sallah, na ce ina yi. Ta ce to, ga Faruƙ. Ban nuna mata na gane ita ce Baƙuwa ba. In ta san na gane, kunya za ta sa ta daina. Ba zan kuma tambaye ki wa ke buɗe mata shafin ba, ke ma kada ki gaya mini.

Umma ba ta jin Turanci. Na gaya wa Efua na fasa, ban faɗa mata dalili ba. Har yanzu ni kaɗai nake zama lokacin abinci. Gobe zan sa rubutu na ɗari da ɗaya, kan miyar kuka ne, kuma da gangan zan bar daddawa ban sa ba.

Ki gaida kowa. Taki har kullum,
Mariya