Allurar Zafi da Aka Yanke wa Waya

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Makanikai,
Ofishin Ƙungiya, bayan tsohuwar tashar mota.

Daga:
Tsohon malamin firamare,
Gidan ƙarshe, layin masu buga bulo.

Talata, 8 ga Afrilu, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ABIN DA ƊAN ƘUNGIYARKU, WANDA AKA FI SANI DA BA-MATSALA, YA YI WA MOTATA, DA HALIN DA YA JEFA IYALINA

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana. Ban saba kai ƙara ba, kuma ban taɓa zaton sai da furfura zan fara ba.

Motar da ake magana a kanta koriya ce, tsohuwar ƙira, na gaje ta daga mahaifina. Matasa kan tsayar da ni su ɗauki hoto da ita, amma ni ba don ado nake riƙe da ita ba. Matata tana fama da ciwon ƙoda, ana yi mata wankin ƙoda a babban asibiti duk Litinin da Alhamis, gidanmu kuwa yana can ƙarshen gari. Idan an cire ta daga na'ura ba ta iya zama, sai kwanciya da amai. Kujerar bayan motar nan ce kaɗai ke ɗaukar ta a miƙe. Ga ƙorafina:

1. A farkon Fabrairu motar ta fara zafi idan muka shiga cunkoso. Na kai wa Ba-Matsala, wanda takardar shaidar ƙungiyarku ke rataye a rumfarsa. Ko tayar da injin bai yi ba ya yanke hukunci cewa fanbel ne. Aka canja, zafi bai daina ba. Ya ce famfon ruwa ne, aka canja. Daga nan ya cire tamosta, ɗan ƙarfen nan mai buɗe wa ruwa hanya, ya jefa cikin bokiti, wai kayan ƙasashen sanyi ne. Sau da dama na gaya masa ina ganin kumfa na tasowa a bakin lagireto, kuma ruwa na raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Duk lokacin sai ya amsa mini da kalmar nan da ta zama sunansa.

2. Ranar 24 ga Fabrairu ya cire lagireton motar na asali, na tagulla, ya ce zai kai a wanke masa ciki. Ya ɗaura mini wani ƙarami na roba da waya, wai na kwana biyu. Har yau ban sake ganin nawa ba. Idan na tambaya, yau an ce mai wankin ya yi tafiya, gobe an ce matarsa ta haihu.

3. Da na koma da kuka, sai ya ba ni shawarar in riƙa kunna hita har ƙarshe a cikin cunkoso, domin ta ja zafin injin zuwa cikin mota, in kuma riƙa yawo da jarkokin ruwa. Ranka ya daɗe, likita ya hana matata shan ruwa sai ɗan abin da bai cika kofi biyu ba a yini. Haka muka shafe watan Maris: rana tsaka, iska mai zafi na busa mata a fuska, leɓɓanta sun tsage, jarkoki na kaɗawa a gindin ƙafarta. Nakan tsaya a gefen titi in ɗura wa mota ruwa tana ji, sai ta juya fuskarta ga jikin kujera. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ni ne na kasa jurewa, kuma wallahi har yanzu idan na ji ƙarar zuba ruwa raina ɓaci yake yi.

4. Ranar Talata, 1 ga Afrilu, na bar masa motar yini guda, na roƙe shi don girman Allah ya gano ainihin ciwon. Da yamma ya miƙo mini makulli yana murmushi, ya zagaya da ni unguwa, ya nuna mini allurar agogon zafi tana kwance a ƙasa ba ta ko motsi. Na yi masa godiya, na sa masa albarka. Na koma gida na yi wa matata albishir cewa an gama da hita.

5. Ranar Alhamis, 3 ga Afrilu, muna kan gadar sama a hanyar asibiti, allura na kwance lafiya lau, sai na ji ƙauri. Kafin in sami wurin tsayawa tururi ya turnuƙe gilashi, injin ya buga. Babu inuwa a kan gadar. Na tsaya ina ɗaga wa motoci hannu, masu wucewa na zagina don na tare hanya, matata na kwance a baya. Kafin mu isa asibiti an riga an ɗora wani a kan na'urarta.

6. Direban janwen da ya ja motar shi ya ɗaga bonet ya nuna mini wayar da ke kai wa allura labarin zafi. An yanke ta da filaya, an naɗe bakin da baƙin salatif, an cusa ta ƙarƙashin wasu wayoyi. Ya zaro sandar gwada mai, ga shi ya koma launin shayi da madara. Ya ce gasket ne, shimfiɗar da ke hana ruwa haɗuwa da mai a cikin inji, ya ƙone tuntuni, kuma kumfar da nake ta faɗa ita ce alamarsa. Kuskure kowa na yi, na koyar da yara shekaru masu yawa, na san haka. Amma wanda ya yanke waya ya naɗe ya ɓoye, ya san abin da yake yi. Kuma ya san wadda nake ɗauka, domin ya sha leƙowa ta taga ya yi mata sannu.

7. Motar yanzu tana rumfar Ba-Matsala, inda na sa janwen ya kai ta don ya ga aikinsa, ya kwance kan injin ya baje a ƙasa, ya hana a ɗauke ta, shi kuma ba ya zama. Jiya Litinin na kira motar haya. Direban ya ga an fito da matata a riƙe, da robar amai a hannu, sai ya ce yana da wani aiki, ya juya. Wanki biyu ke nan ta rasa. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi na yi mata wuya, a zaune take kwana. Asibiti sun sanar da ni cewa wanda ya rasa uku a jere, ana ba wani gurbinsa, domin masu jira suna da yawa. Na ukun shi ne jibi Alhamis.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinka:

Na farko, kuma shi ne mafi gaggawa, ƙungiya ta taimaka mini da mota mai faɗin kujera ranar Alhamis da sassafe, da kuma ranakun da za su biyo baya har tawa ta tashi. Na biyu, a tilasta masa ya dawo da lagiretona, ya saki motar a kai wa wanda kuka yarda da aikinsa. Na uku, a kira shi gaban kwamitin ladabtarwa, a kuma duba sauran tsofaffin motocin da suka bi ta hannunsa, don ban yi imani a kaina ya fara ba.

Ina roƙon kada a ajiye takardar nan sai zamanku na wata-wata. Yau da safe matata ta aika aka kira ƙanwarta, ta ba ta keken ɗinkinta, ta ce ta tafi da shi tun yanzu. Ni kuma ta ce in daina wahalar da kaina a kan mota. Na fito tsakar gida na zauna rubuta wannan.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon yin adalci.

Naka cikin biyayya,

(sa hannu)
Malam Mai Koriyar Mota,
kamar yadda kowa ke kirana a garejin.