Ki gyara wa Baba hula

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya jikin Baba? Ni lafiya lau, ƙafa ce kawai ke kumbura saboda tsayuwa. Kada ki gaya masa.

A asibitinmu ana gwada wasu tambayoyi, a ga ko za su gano tsofaffin da masu jinyarsu ke musguna wa. Jiya wani dattijo ya amsa min duka da "Alhamdulillahi, 'yata, ana kula da ni." Da na ɗaga hannu zan gyara masa matashi, sai ya kare kansa da hannu biyu.

Tun lokacin na kasa zaune na kasa tsaye. Haka Baba ke amsa min a waya, kuma kullum ina jin gyaran muryar mai jinyarsa a kusa.

Don Allah ki je gobe, ki aiki mai jinyar kasuwa. Kada ki tambayi Baba komai, kin san shi da kara. Ki miƙa hannu kawai ki gyara masa hula.

In ya kauce, kada ki tsaya kirana. Ki ɗauko shi.

Allah ya yi miki albarka.

Yayarki