Akun Inna

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma lafiya lau, ƙafar Baba ta yi sauƙi. Sai dai ba kai na rubuto wa ba yau, lauyan da ke cikinka nake nema.

Akun Inna ne ba lafiya. Ka san tun rasuwarta shi ke kiran Baba kowace safiya da muryarta sak, har da ɗan tarin nan nata, yana cewa shayi zai huce. Baba kuwa amsawa yake yi. Makon jiya ya fara atishawa, na kai shi wurin likitan dabbobi, aka auna shi, aka rubuta ɗigo goma sha biyu safe da yamma. Kwana biyu da fara maganin ya zube a ƙasan keji, fukafukai a sake, ko uffan. Da na kai shi wani asibitin, likitar da ta duba katin ta riƙe baki. Ashe da kejinsa aka ɗora shi a sikeli, aka ba shi maganin tsuntsun da ya ninka shi uku.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kwalbar da katin suna hannuna. Faɗa mini abin da doka ta ce, kuma da Hausa, ban da dogon turancinku.

Yayarka.

Auta ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gidan. Wasiƙarka ta iso, shafi huɗu, sai ka ce alƙali za ka burge. Abin da na tsinta shi ne hanya uku: mu kai kuka ga hukumar da ke ba su lasisi, ko mu shigar da ƙara neman diyya, ko mu zauna a yi sulhu a rubuce. Na karɓo rahoton likita ta biyu kamar yadda ka ce. Amma inda ka rubuta cewa kotu za ta fi duba kuɗin aku a kasuwa, nan na ajiye takardar na yi kuka.

Akwai abin da na ɓoye maka. Ni ce na hana a fito da shi daga kejin, don yana cizo kuma ina sauri. Na san za ka ce cire nauyin keji aikin likita ne ko da wa ya hana, to na ji, amma zuciyata ba ta karanta doka ba. Baba yana zaune gaban kejin tun safe, yana ba shi ruwa da cokali. Shayinsa ma sai na yi ta magiya.

Yayarka mai kewarka.

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Akun ya mutu ranar Talata da hantsi, a tafin hannun Baba.

Jiya likitan farko ya zo har gida, ya amsa laifinsa ba gardama, ya sa hannu a takardar sulhun da ka tsara. Na gaya wa Baba nawa laifin, ya ce in bar zancen. Ƙara dai ba zai kai ba, amma ya ce a aika wa hukumar, domin kada a sake yi wa dabbar wani haka. Ka shirya takardar, ni zan kai.

Da likitan zai tafi, ya ce ya samo wani aku ƙarami mai lafiya, yana cikin mota. Baba ya yi masa godiya sosai, sannan ya ce, “Ɗana, mayar da shi. Wa zai koya masa?”

Ka ɗauki hutu ka zo da yaran, ko na kwana uku ne. Su yi ta ɓarna da ihu, ba zan tsawata wa kowa ba. Gidan ya yi shiru da yawa.

Taka har kullum,
Yayarka.