Muryar Lamba Takwas

Talata, bayan isha'i

Yau na yi abin kunya.

Sati guda ke nan ina ɗaki da ordinatar, wato kwamfuta, ina saurare ina rubuta hirar da wata mai bincike daga Kotonu ta yi da matan kasuwar garinmu, Malanbil. Ba ta sa sunaye ba, lamba kawai. Amma muryar lamba takwas ko cikin barci na san ta: Hajiya Rabi mai albasa ce, ƙawar Innata. Ta ce likita a Gaya ya ga ƙari a mamanta, kuma ba ta gaya wa kowa ba, ko ɗiyanta. Sau biyar na maido wurin, don kukanta ya rufe maganar.

Da la'asar na iske ta gidan suna, ɗiyarta Balki na gefenta. Na durƙusa, sai bakina ya riga hankalina: "Hajiya, ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi."

Balki ta juyo. "Inna, wane jiki?"

Hajiya ta ɗago kai. Ni ta duba, ta daɗe, sannan ta ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Ashe aiki na tahiya."

Wallahi da ma marina ta yi.

Na dawo na buɗe aikin. Ga tambayar Hajiya ta farko, da yatsuna na buga ta: "Ba wanda zai ji wannan a Malanbil, ko?"

Ƙasa da ita kuma, amsar mai binciken: "Ba kowa, Hajiya."