Kafso a Madarar Inna

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da Abba ƙarami. Ya aiki, ya zaman Ibadan? Mu nan Kankia lafiya lau.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Kin tuna da Sallah kin ce a ɗakin gwajinku kuna renon ƙwayoyin jikin mutum a kwalba, kuna zuba masu maganin kashe ƙwayoyin cuta don kada su lalace? To, ni ma na zazzage kafso ɗaya na irin wannan maganin a madarar da Inna ta zuba wa irin nono ta ajiye don kindirmo, wai kada ta lalace. Da safe muka tarar da ita tsululu, ta ƙi yin barci.

Inna ta ɗora laifin kan Hanne, mai kawo mana madara daga Tafashiya. Ta ce, "Ashe ruwa take sayar mana! Ba ni ƙara saye wajenta."

Yaya, maganin ne ya kashe irin nonon, ko?

Ki gaishe da kowa, ki sa ni a addu'a. Gobe kafin Hanne ta sauke ƙwaryarta zan faɗa wa Inna gaskiya.

Ƙanwarki,
Hafsatu