Na Gama Wasan Maigidana a Ɓoye, Na Kasa Faɗa Masa

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina gogewa, saboda duk wanda na soma yi wa bayani, da ya ji kalmar wasa sai ya yi murmushi, ni kuma daga nan na san magana ta mutu. Ki yi haƙuri da tsawonta.

Maigidana mai gyaran talabijin da rediyo ne, ya haura shekara ashirin a sana'ar. Ni kuma kwamfuta na karanta, na yi shekara bakwai ina rubuta manhaja a wani kamfani. Tun yana yaro akwai wani wasa da ya shiga ransa, irin na manyan akwatunan nan masu tsayin mutum da ake girkewa a shagunan wasa, ka jefa kwabo ka buga a tsaye. Wani ɗan tsuntsu ne yake kai wasiƙu gida-gida, shaho yana kawo masa farmaki. Mataki goma sha biyu ne. A na ƙarshe shaho goma ne suke sauko masa lokaci guda, ga ruwan sama, ga kiɗa yana ƙara sauri. Ba a taɓa fitar da wasan a na'urar gida ba, irin tsohuwar nan da ake cusa wa kaset a jona da talabijin, kuma abin ya daɗe yana ci masa rai. Shekara biyar da suka wuce ya tsinci ragowar akwatin a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, ya kawo gida ya tashe shi, ya ce da hannunsa zai mayar da wasan kan na'urar gida. Har dattijon da haƙƙin wasan yake hannunsa ya nemo, ya ba shi izini a rubuce, muddin ba sayarwa za a yi ba.

Anti, aikin ba kwafa ba ne. Komai sake rubuta shi ake yi daga tushe, da yaren da tsohuwar na'urar take ji. Ga cikinta ɗan mitsitsi, hoto ɗaya na wayarki ya ninka wasan gaba ɗaya nauyi. Launukanta kaɗan, muryoyin kiɗanta kaɗan. Kamar a ce miki ki kwashe kayan gida guda ki cusa a akwati ɗaya, kuma a ce sai murfin ya rufu.

Da farko abin daɗi ne. In ya taso daga shago sai mu shiga ƙaramin ɗakinmu, shi yana fama da wayoyi da dalma, ni ina duba masa inda rubutun ya karkace, muna tsokanar juna. Yana saka ci gaban aikin a wani zaure na intanet na masu son tsofaffin wasanni, inda aka san shi da Sukudireba. Mutane daga ƙasashe daban-daban suke bibiyarsa.

Shekara uku ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a shago da hantsi. Shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Magana ta dawo amma da ƙyar take fita, hannun kuwa har yau bai dawo ba. Ƙaninsa ya karɓi shagon, ni na ajiye aiki na zauna jinya. Wata huɗu ya yi yana kallon bango, ko abinci sai da lallashi. Ranar nan ina tura shi a kekensa na marasa lafiya muka wuce ƙofar ƙaramin ɗakin, sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna. Na kunna masa akwatin. Da kiɗan ya tashi, wallahi a ranar na fara ganin mijina a cikin idanunsa tun da ya kwanta. Likita ya ce mu riƙe abin da kyau. Haka na zama hannunsa.

Ban tsaya a hannu ba. 'Yan zauren suka yi ta cigiyarsa, shi kuma ya ƙi yarda a san halin da yake ciki. Ya sa na rubuta da sunansa cewa tafiya ya yi, ya dawo. Na ɗauka na kwana biyu ne. Yau shekara biyu da wata takwas ni ce Sukudireba. Suna ce mini oga, suna yaba basirata. Har wani ya taɓa ba ni shawarar kada in bari matata ta gano awannin da nake ɓatawa a kan wasa. Na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya, hawayen suka ƙi tsayawa.

Mun gama mataki goma sha ɗaya. Na ƙarshen nan ne ya riƙe mu wata goma sha huɗu. Shaho goma ba sa shiga. Da sun jeru a layi ɗaya sai su fara ɓacewa suna dawowa, ruwan saman ya cinye ɗan wurin da ya rage, kiɗan ya shaƙe. Na bi ta kowace hanya da na sani. Shi kuma ya ce ko gashin tsuntsu ɗaya ba za a cire ba. Ya haddace wasan kamar sunansa. Yana zaune a gefena da rula a hannun hagu yana ƙirga su a jikin gilashin talabijin, in ya ga tara sai ya buga tebur ya ce ba haka yake ba. Kullum daga karin kumallo har azahar, mu huta, mu koma. Tagar ɗakin a rufe take da labule mai kauri saboda haske yana kashe hoton. Ƙaurin dalma, gurnanin akwati, da kiɗan nan guda ɗaya yana ta zagayowa. A kicin ina jin sa, a banɗaki ina jin sa. Ƙawayena sun gaji sun daina gayyata ta ko'ina. Mama ta ce na bar aikin ofis na zauna wasan yara. Yayarsa kuwa duk zuwan da za ta yi sai ta ja ni gefe ta gargaɗe ni kada in kuskura in ɓata masa rai, wai wasan nan ne yake riƙe da shi. Ta faɗa ta ɗauki jakarta ta tafi.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Talata da Alhamis ƙaninsa yana kai shi asibiti gashin ƙashi, awa biyu. A waɗannan awannin na yi nawa. Na mayar da shahon shida, suna saukowa kashi biyu amma da sauri fiye da na asali. Na cire ɗigon ruwan, na bar sama ta yi duhu da ƙarar tsawa. Na rage kiɗan. Wata biyu ke nan da na gama. Yana tafiya tun daga farko har ƙarshe ba gargada, kuma Allah ya yafe mini, ina ganin ya fi na asalin daɗin bugawa. Na zuba shi a kaset na ɓoye a ƙasan akwatin zannuwana. Tun daga ranar, kowace safiya ina zama kusa da shi ina yi kamar ina neman hanyar da na san babu ita.

Yanzu 'yan zauren sun shirya taro nan da sati biyar, suna so Sukudireba ya nuna wasan. Ya ce in amsa musu za a nuna, amma ban da fuskarsa. Ita ma tsohuwar shugabata a wurin aiki ta kira ni sau biyu, ta ce kujerata tana nan zuwa ƙarshen wata, bayan nan ba ta da iko.

In na nuna masa kaset ɗin, ina tsoron ya ga na ƙwace masa abu ɗaya da ya rage masa. Ko ya yarda ma, wasa ya ƙare, me zai tashi ya yi da safe? Kada ya koma kallon bango, a ce ni ce sila. In kuma na yi shiru, a ɗakin nan zan tsufa. Akwai kuma wadda nake jin kunyar faɗa: ina so a san ni na yi. Ina son mijina, Anti, bai taɓa cuta ta ba. Amma har na fara jin faɗuwar gaba in na ji ƙarar kekensa ya nufi ƙofar ɗakin. Yaya zan yi?

Ƙanwarki da ta rasa mafita

*

Ƙanwata, ban yi murmushi ba. Na karanta wasiƙarki sau biyu, sannu da ɗawainiya.

Ni ban san kan kaset ba, don haka na tambayi mai kula da kwamfutocin ofishinmu, ba tare da na faɗa masa labarinki ba. Ya ce ai ragewa ita ce gwanintar wannan aiki, kuma da wuya a sauko da wasa daga babban akwati zuwa na'urar gida ba a sadaukar da wani abu ba. To kin ga abin da kika yi ba ha'inci ba ne, aikin ke nan. Inda matsala take shi ne ɓoyewar.

Mu duba ɓangarensa. Mutum ne da ya saba a kawo masa abin da ya mutu ya tashe shi da hannunsa. Yau sai an ɗaga shi, sai an kai shi, sai an jira maganarsa ta fito. Shahon nan goma su ne wuri ɗaya da ya rage inda zai ce a'a kuma a tsaya. Kada ki ɗauke shi taurin kai kawai. Ina kuma da wani zato: wanda ya yi shekara ashirin yana buɗe cikin na'urori, anya bai san iyakar wannan tsohuwar na'ura ba? Mai yiwuwa ya daɗe da sani, yana jan aikin ne don tsoron ranar da za a gama, irin tsoron da kike ji. In haka ne, ku biyu kuna zaune a ɗaki ɗaya kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda.

Ke kuma gajiyarki ba cin amana ba ce, son a san aikinki kuma ba abin kunya ba ne. Faɗuwar gaban nan da kika ambata ita ta fi tsaya mini. Kada ki bari ta girma, don ita ce take rikiɗewa ta zama ƙiyayya ba a ankara ba.

Ki fara da likitansa a cikin satin nan, ki gaya masa akwai magana mai nauyi da za ki yi da majinyacinsa, ki ji ko akwai abin kiyayewa. Sannan ki zaɓi safiyar da ya tashi da ƙarfi, ku biyu kawai. Ki ba shi haƙurin ɓoyewar da kika yi, amma kada ki ba da haƙurin aikin. Ki kunna masa duka biyun, mai shaho goma da naki mai shida, ya gani da idonsa, ki nemi hukuncinsa a matsayin wanda ya fi kowa sanin wasan: shida sun isa ko a gwada bakwai, tsawar ta yi ko a sauya. Ki tabbata abin da ya zaɓa a cikin mai yiwuwa shi za a yi. In ya yi fushi ki bar shi ya yi, yana da haƙƙin haka. Ki ba shi kwanaki.

Maganar suna kuwa a rabe take. Ciwonsa sirrinsa ne, ba ki da ikon fallasa shi. Amma rubutu da sunansa ya isa haka, mutanen nan sun ba da amana, su ma suna da haƙƙi. Ki gaya masa daga yanzu da bakinki za ki yi magana, a matsayin matarsa kuma abokiyar aikinsa. Wannan gaskiya ce, kuma ba ta tona komai ba. Sunanku duka biyu ya hau kan wasan. In sati biyu suka wuce ba ku daidaita ba, ku ba masu taron haƙuri. Taro ba ya ƙarewa.

Ki kira shugabarki gobe, ki tambayi ko za ta karɓe ki rabin yini da farko. Ki tara ƙaninsa da yayarsa a raba kwanaki. Yayar da ta damu da kada ransa ya ɓaci, ga dama ta samu, ta zo ta zauna da shi safiya biyu a sati. Ki kuma roƙi ƙanin ya riƙa ɗaukarsa zuwa shago. Hannu ne ya tafi, ilimin yana nan, kuma mai gyara irinsa da kunne ma yana gane ciwon rediyo. Yana buƙatar mutane da hayaniyar titi fiye da yadda yake buƙatar mataki na goma sha biyu.

Ba zan yi miki alƙawarin zai ji daɗi a ranar farko ba. Amma majinyaci ake lallaɓawa, miji kuwa gaskiya ake faɗa masa. Kin yi shekara uku kina jinyarsa da kyau, yanzu ki koma matarsa. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya saka miki da alheri, ya sanyaya zukatanku ku duka.

Antinku